Hannun Maka

Wahala ce zalla, kada wani ya ruɗe ku. Shekara ashirin da ɗoriya na yi ina cin abinci da tanis, kuma yau idan zan tsuguna in yi alwala sai na dafa bango. Ku kuna zaune a rumfar mai shayi ta tashar Batsari, kuna kallo a waya, kuna cewa wasan 'yan gayu ne, a sa farin wando a riƙa kaɗa hannu kamar mai korar ƙuda. Jiya ma Nura mai faci ya ce da zai samu raket, wato abin bugun ƙwallon, sati biyu ya ishe shi. To ku matso in gaya muku abin da ke ciki.

Sunana Sada, a Ruma aka haife ni. Boko a aji huɗu na tsaya, allo ma ban yi nisa ba. Ci-rani ne ya kai ni Katsina ina ɗan shekara goma sha bakwai, na samu aikin ban ruwa a wani kulob na manyan ma'aikata. Da aka ce ban ruwa na zaci lambu ne. Ashe fili zan riƙa shayarwa, filin da ba a shuka komai a cikinsa.

Filin nan na ƙasar shuri ne. Mota ake aikawa daji a faso shurin gara, a kawo, mu daka, mu tankaɗe da rariya kamar garin tuwo, mu shimfiɗa. Kullum da sassafe sai na zuba masa ruwa, kuma ruwan yana da iyaka. Ya yi yawa ƙafa ta nutse, ya yi kaɗan ƙasa ta farfashe ƙwallo ta riƙa tsalle inda ta ga dama. Bayan ruwa sai rola, wato ganga ce aka cika da siminti aka sa mata mariƙi. Ka ja ta tsaye, ka ja ta kwance, sai fili ya yi sumul kamar daɓen ɗakin amarya. Sannan ka kwaɓa farar ƙasa ka ja layi da igiya. Shekara biyu ina wannan kafin a bar ni in taɓa raket a gaban mutane.

Wanda ya koya mini shi ne Baba Dauda, babban maka na kulob ɗin. Maka shi ne wanda ake ajiyewa don ya buga da mambobi idan ba su da abokin wasa. Gajere ne, ƙafafunsa sun bauɗe, bakinsa ja da goro, amma idan ya ce ƙwallo za ta sauka kan murfin kwalba, to can za ta sauka. Ranar da ya fara sa ni in buga da mamba, da Alhaji Mamman ya haɗa ni, wani tsohon babban sakatare mai tumbi da sanƙo. Ni kuwa murna ta cika ni. Ƙwallo ta uku na ɗaga hannu na zabga ta can kusurwa, ta wuce shi kamar harsashi. Na juya ina jiran yabo. Sai na ji an kama kunnena ta baya.

"Kai ɗan Ruma, aiki ka zo yi ko cin mutunci?"

"Baba, ai a ciki ta sauka."

"Na san a ciki ta sauka, makaho ne ni? Dubi Alhaji. Ya yi maka kama da wanda ya baro ofis don ya yi tsere?"

Alhaji yana haki yana dariya, ya ce, "Ƙyale shi Dauda, ƙuruciya ce." Amma bai sake neman in buga da shi ba sai bayan wata uku.

A cikin watannin nan ne na koyi ainihin sana'ar. Maka ba ya buga ƙwallo inda babu mutum, a hannun mutum yake ajiye ta. Taku ɗaya daga damansa, daidai ƙugu, ba gudu ba sanyi. Ko ta ina ya watso maka ita, ko sama ya harba, ko raga ta tsaga, kai za ka bi ta da gudu ka maido masa daidai inda yake so, har ya koma gida yana gaya wa iyali yau hannunsa ya yi kyau. Idan ya ci maki ka ce, "Ranka ya daɗe, wannan ba mai tare ta." Kuma kada ku raina wannan, ya fi zabga wuya nesa ba kusa ba. Na ƙware har mambobi suna rigima a kaina. Likitoci, alƙalai, wani ɗan Labanan mai shagon yadi, kowa Sada yake nema.

Raket kuwa da hannu muke ɗaure mata tsirkiya, don injin ɗaurewa sai Kano. Ka zura tsirkiyar a rami, ka naɗe bakinta a guntun icce, ka taka kan raket ɗin da ƙafa ka ja har jijiyar wuyanka ta tashi, sannan ka soka basilla a ramin ta riƙe kafin ka wuce na gaba. Ba ma'auni, kunne ne ma'auni. Ka buga ta a tafin hannu, in ta yi ƙara siririya ta yi, in ta yi kamar gangar da ta sha ruwa ka kwance ka sake. Takalmi kambas ne, wata ɗaya babban yatsa ya leƙo, sai ka kai wa baduku ya ɗinka masa fatar taya. Ƙwallayenmu duk masu sanƙo ne, waɗanda mambobi suka gama cinye gashinsu. Wallahi ranar da na fara buɗe sabon gwangwanin ƙwallaye da hannuna, ya yi tsss, ƙamshin nan ya bugi hancina, sai da na kira mai gadi ya zo ya shinshina.

Amma ni ba maka nake son in mutu ba. Akwai wani kamfani a Kaduna da ke ɗaukar 'yan wasa aiki. Ba shara, ba ban ruwa, ba ranka ya daɗe. Ka yi atisaye da safe, ka sa rigarsu ka je gasa Legas, Fatakwal, har ƙetare. Ƙa'idarsu ɗaya ce: a babbar gasar da ake yi a Kaduna bayan damina, duk wanda ya kai wasan ƙarshe ba shi da kamfani, sun ɗauke shi. Takardar ɗaukar aikin nan ita nake nema, kuma shekara tara ina zuwa ina dawowa babu ita.

Abin haushi, ba wai ban iya ba ne. A wurin gasa kowa ni yake nema in ɗumama shi kafin wasansa. Yaran Legas suna cewa hannuna kamar inji. Kowa yana so na, ba wanda ke tsorona. Zan fara wasa da kyau, in yi gaba, amma da zarar abu ya yi tsanani, maki ɗaya ya rage a ci ko a faɗi, sai in ga ƙwallo ta tafi salun-alun ta sauka taku ɗaya daga daman mutum, daidai ƙugu. Shi kuwa ya gode wa Allah ya kashe ta. Baba Dauda ya ce, "Ni na ɓata ka, kuma ban san yadda ake gyarawa ba. Ni ma abin da ya ci ni ke nan."

Sai muguwar shekara ta zo. Ɓarayin daji suka shiga ƙauyukan Ruma suka kore shanu, har da bijimai biyu na noman gidanmu. Yayana Rabe ya karye a ƙafa garin gudu. Aka kwaso gida gaba ɗaya aka dawo cikin Batsari, ɗaki biyu mutum goma sha ɗaya. Aka aiko mini in zo. Na ajiye aikin kulob, na karɓi babur ɗin Yaya Rabe na shiga acaɓa, Batsari zuwa Safana, Safana zuwa Batsari. Gasar shekarar ta wuce ina ɗauke da buhun masara a bayan babur. Shekarata talatin da uku a lokacin. A tanis wannan tsufa ne. Na san in ta baɗi ta wuce ni, shi ke nan.

Da kaka ta yi, na kai wa kawuna Malam Isiya saƙo ƙauyen Babban Duhu. Malamin allo ne, yana noma kuma. A bayan gidansa na ga masussukarsa an gama aiki an share, ƙasa ta daku ta yi tauri, shimfiɗe kamar an ja mata rola. Na sauka daga babur na auna da ƙafa. Tsawo ya kai! Faɗi ya rage taku biyu, na cike da ƙasar shurin da ke gefen gona. Na ja layi da toka, na kafa turaku biyu, na ɗaure igiyar shanya na rataya tsofaffin buhuna a madadin raga.

Kawu ya fito yana kallo. "Sada, mi ake ginawa?"

"Wurin aiki, Kawu."

"To Allah ya sa albarka. Amma wa za ya buga da kai? Nan ko mai langa ya yi ƙaranci."

Ba kowa. Ƙwallo goma sha huɗu gare ni a bokiti. In saki ɗaya ta yi tsalle in buga, in sun ƙare in zagaya in tsince. Na kifa ƙorai biyu a kusurwoyi ina auna su. Kwana uku na fasa huɗu, matar Kawu, Inna Hajo, ta fito da muciya ta ce in na sake taɓa mata ƙwarya sai ta fasa raket ɗin a kaina. Na koma gwangwanin madara. Kuma ina samun su! Cikin goma in sami bakwai. Na ce a raina ashe na warke.

Ran nan Kawu ya taso daga karatun safe, ya zagayo ya tsaya a ɗaya ɓangaren, hannu a baya, yana duba layin toka. Ni ban daina bugu ba. Ta farko ta sauka gefen damansa. Ta biyu haka. Ta uku ta taɓa masa riga.

"Kai, ni ka ke jifa?"

Na tsaya, raket a hannu. Gwangwani nake kallo, wallahi gwangwani nake kallo, amma hannuna mutum yake nema. Muddin akwai mai tsayuwa a gabana, can zai kai. Shekara tara ina zaton tsoro ne ke kama ni a gasa. Ashe ladabi ne.

A ranar na je gonar Kawu na tumɓuke mutum-mutumin da ke korar tsuntsaye. Na cusa masa ƙaiƙayi a ciki ya yi tumbi, na roƙi tsohuwar babbar rigar Kawu na sa masa, na ɗora masa hula. Na kafa shi tsakiyar fili. Na koma gefena na rusuna na ce, "Ranka ya daɗe, an fito lafiya?" Sannan na saki ƙwallo na nufi kusurwa. Ta tafi ta bugi tumbin.

Sati uku ina dukan tumbin nan. Kullum bayan na sauke fasinjan farko a Safana sai in ratse Babban Duhu in yi awa biyu. In kafa shi dama in buga hagu, in kafa shi baya in ɗiga ta gaban raga. Duk wadda ta je kusa da shi, sai in zagaya fili da gudu sau ɗaya, horon kaina. Mata masu zuwa rijiya suna tsayawa suna dariya har tulu na neman faɗuwa. Inna Hajo ta ce a nemo mini rubutu. Wata rana Kawu ya kira ni gefe.

"Sada, ka cire wa mutumin naka hula."

"Lafiya, Kawu?"

"Jiya wani Bafillace ya tsaya ya gaishe shi har da tambayar iyali. Da bai amsa ba ya zo yana yi mini ƙorafi wai baƙona ba shi da tarbiyya."

Ban cire ba. Hular ce ma aikin. A wata na biyu hannu ya fara jin magana. A na huɗu, ko ido na rufe, ƙwallo gudun babbar riga take yi. Da ruwa ya sauka masussuka ta zama laka, na koma bayan wata makarantar firamare a Safana mai daɓen siminti, na ɗauki Alhajina a bayan babur muka tafi tare. Yaya Rabe ya warke ya karɓi babur ɗinsa ana saura kwana goma gasa.

Na isa Kaduna da raket biyu da kambas mai fatar taya. Baba Dauda ya biyo ni a motar haya, ya ce ko gawa ce ya zo ya raka. Wasa uku na farko na ci su kamar a mafarki. Wani yaron Legas da na saba ɗumamawa ya jefar da raket ya ce an canza Sada. Na huɗu ya ja ni awa biyu, na ci. Saura ɗaya in kai na ƙarshe, kuma wanda aka haɗa ni da shi Oga Bala ne.

Oga Bala ya girme ni da shekara biyar, ya riƙe kambun Arewa ban san sau nawa ba. Gwiwoyinsa sun mutu, ba ya iya gudu, amma duk ƙwallon da ta zo hannunsa ta mutu ita ma. Kuma ya san ni sarai, na sha ɗumama shi. Da muka haɗu a raga za a jefa kwabo, sai ya dafa kafaɗata a gaban alƙalin wasa.

"A'a, maka! Ya gida, ya mutanen Ruma? An ce ɓarayi sun taɓa ku, Allah ya kiyaye gaba. Ya mai jiki?"

"Da sauƙi, ranka ya daɗe."

"Madalla. To a bi ni a hankali, ka san gwiwar. Yadda ka saba."

Kun ji mugunta? Bai zage ni ba. Gaishe ni ya yi. Na rusuna ban ma san na rusuna ba.

Wasan zubi uku ne, wanda ya ci biyu ya wuce, kowane zubi kuma na wanda ya riga cin gem shida ne, wato ƙananan zagaye shida. Zubin farko ko minti talatin bai kai ba, ya cinye ni shida da ɗaya. Yana tsaye tsakiya kamar an dasa shi, ni ina ta kai masa. Duk wadda ya kashe sai ya ce, "Yauwa maka, haka nake so." Na zauna hutu, na sa tawul a kai. Ƙa'ida ba a yarda mai koyarwa ya yi wa ɗan wasa magana ba. Sai na ji muryar Baba Dauda daga cikin 'yan kallo, yana yi kamar da na kusa da shi yake:

"Ni dai tambaya nake, jama'a! Wancan mai tsayuwar, ya biya kuɗin mamba ne? Ko katinsa aka nuna muku?"

Wurin ya fashe da dariya. Alƙali ya ce a yi shiru. Na cire tawul na dubi Oga Bala da kyau. Ga tumbi ya fara fitowa, ga farar hular rana, ga shi a tsakiyar fili ba ya motsi. Wallahi sai na ga ƙaiƙayi na leƙowa ta wuyan rigarsa. Dariya ta kama ni ni ma.

Na tashi na yi sabis, wato bugun farko, can gefe, ya miƙa hannu da ƙyar ya maido, na zabga ta ɗaya kusurwar. Bai ko ɗaga ƙafa ba. Ta gaba na ɗiga ta gaban raga, ya taho yana ɗingishi, na ɗaga ta bisa kansa ta sauka kan layin baya, farar ƙasa ta tashi! Mutanen Katsina da ke wurin suka miƙe suna ihu, "Ɗan Ruma! Ɗan Ruma!" Na ci zubi na biyu shida da uku. Ya daina ce mini maka.

Zubi na uku tsohon ya nuna mini abin da ya sa ya riƙe kambu. Ya daina jira, ya riƙa kashewa tun daga sabis. Huɗu da huɗu. Biyar da huɗu nawa. Ƙafata ta dama ta jiƙe a cikin kambas, na san ba gumi ba ne. Muka kai inda maki ɗaya ya rage mini. Na ɗauki ƙwallo zan yi sabis, sai ya ɗaga hannu wai in dakata. Ya sunkuya ya dafa gwiwa, ya ɗago ya dube ni, ya yi murmushi irin na manya.

"Sada, ɗana. A hankali."

Na ce, "To, ranka ya daɗe."

Na yi sabis, ya maido ta tsakiya, gajera, mai daɗi, ta taso daidai ƙuguna. Na ji hannun nan yana ja dama, wajen sa, kamar akuya ta ga gida. Na danne shi. Na juya kafaɗa na sake ta layin hagu da duk ƙarfin da Allah ya ba ni. Ta sauka ciki da tafin hannu guda, ta wuce ta bugi wayar shingen fili.

Ban san lokacin da na tsallake raga ba, abin da ba a yi. Baba Dauda ya shigo fili hularsa a hannu, goro na zuba daga aljihu, yana ta faɗin, "Bai ba shi ba! Kun gani? Bai ba shi ba!" Oga Bala ya miƙo mini hannu ya ce, "Wa ya lalata mana kai?" Na ce wani Alhaji ne a Babban Duhu. Ya ce bai san shi ba. Kafin in cire takalmi wani mai ɗaure da lakataye ya zo ya ce daga kamfani yake, in zo ofis gobe ƙarfe tara in sa hannu, wasan ƙarshe sai jibi.

Washegari da na idar da asuba na jiƙa ƙafar a ruwan gishiri, na naɗe ta da tsumma, na ari rigar Baba Dauda mai aiki a wuya duk da ta yi mini gajarta. Ƙarfe shida da rabi ina bakin ƙofar kamfani. Mai gadi ya ce ba wanda zai zo sai tara, in je in dawo. Na ce a'a, nan zan jira. Ya dube ni, ya dubi ƙafar, ya turo mini bencinsa, ya zuba mini koko a murfin kwano. Na zauna ina sha, ina gwada sa hannu da tsinke a ƙasa, don rabona da biro tun aji huɗu.